Tambaya Ta Bakwai

Saura kwana tara a kira ni.
Na shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Garin Malam,
na baza takardu kamar mai shanyar kuɓewa.
Manzo ƙanena ya ɗaura tawul a wuya, wai shi darakta,
ya ce: Madam Barira, faɗa mana ko ke wace ce.
Na faɗa, ya yi hamma.
Na sake da Faransanci, ya ce wannan ta fi sa barci.

Aikin nan ba shi da suna a bakin Inna Tasalla.
Me za ki sayar? Ba sayarwa ba ce, Inna.
Ke za ki ƙera abin cikin wayar? Akwai maƙeransa.
To ke fa?
Ni zan tsaya tsakanin mai ƙira da mai saye,
in ce wannan yau, wancan sai baɗi,
wancan kuwa a haƙa rami a rufe shi.
Ta ce: dillaliya ke nan, mai digiri.

Na haddace amsoshi har suna bi na cikin mafarki,
amma da safe sai in ji su a baki
kamar tuwon da bai ji gishiri ba.
Sai na rufe littafi, na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole,
na zauna gefen tiren Hajiya Dubu mai alkaki.
Adashen mata arba'in yana cikin kanta,
ba ta taɓa ɓatar da dala ba.
Na ɗora mata manhajar kamfanin a tafin hannu.
Ta juya wayar, ta sake juyawa,
ta ce: wannan abu bebe ne?
Ta miƙo mini, ta ci gaba da korar ƙuda.

Ran ganawa wuta ta ɗauke tun hantsi,
rezo ya bi ta, bai yi sallama ba.
Na tattare zanena na hau dutsen bayan Birni,
ƙadangare biyu ne shaiduna.
Fuskoki uku daga Yamai suka leƙo ta gilashi.

Jarkar ruwa nawa ake sayarwa a Damagaram rana guda?
Na kusa dariya.
Wanda ya girma a layin famfo
ba ya neman na'ura don wannan lissafi.
Na ƙirga gidaje, na ƙirga ƴan garuwa,
na ware rani daban da damina.
Ɗaya ya gyaɗa kai, ɗaya ya rubuta.

Shida suka wuce lafiya.
Ta bakwai daga bakin matar da ba ta ce uffan ba:
A manhajarmu, me za ki cire?

Shiru. Zufa ta gangaro bayan kunne.
Duk abin da na haddace ya watse kamar zabi.
Na ce: shafin farko, dukansa.
Kun yi ƙofa mai kyau, kun rubuta mata suna,
masu kuɗin kuwa da kunne suke karatu.
Ku bar wayar ta yi magana,
ta ce Dubu, zubin Talata ya cika.

Matar ta cire tabarau. Sai rezo ya yanke.

Kwana goma sha ɗaya ina kwana da waya a ƙirji.
Kiran ya zo ina tsakiyar wanki,
na ɗauka da kumfa har gwiwar hannu.
Manzo ya yi tsalle, wai shi ya horar da ni.
Inna ta ce a kai wa Dubu turmin atamfa.
Dubu ta karɓa, ta murza bakinsa da yatsa,
ta ce: to, yaushe beben zai fara magana?